Zanen Suruki

Ranar da takardar ta iso, ina shagon maigidana a zangon Sokodé, na shimfiɗa farin yadi a kan tebur ina haɗa hannun rigar aure. Rigar yarinyar da zan aura ce. Na ce ba mai ɗinka ta sai ni, kuma sai da na auna yadin sau huɗu kafin na sa masa almakashi. Haka nake tun ina ƙarami. Har yau in na kulle shago na kai bakin titi, sai na dawo na sake taɓa kwaɗon.

A zango aka haife ni. Uwata Kirista ce, ta zo Sokodé tana sayar da koko da ƙosai, ubana kuwa ya rasu ina goye, ban san ko mutum ɗaya daga danginsa ba. Da Hausa na tashi, maƙwabtanmu duk Musulmi. Na yi lekol, wato makarantar boko, har aji shida, daga nan aka kai ni koyon ɗinki wurin wani dattijo, Alhaji, mutumin Kparatao. Da uwata ta rasu shi ya ba ni ɗaki a gidansa. Ranar Lahadi yakan sake ni in tafi majami'a, ranar Juma'a ni nake jiran shago. Shekara goma sha biyu muna haka, ba mu taɓa yin gardamar addini ba.

Ita yarinyar 'yar ƙabilar Moba ce, daga Nano, can kusa da Dapaong. Ta zo zama wurin gwaggonta, tana cikin mawaƙan majami'armu. Wata rana ta kawo zane a ɗinka mata, na auna kafaɗarta, na rubuta, na sake aunawa, na kuma ɗaga tef zan yi na uku. Sai ta ce, "Tela, daga awon farko zuwa yanzu ban ƙara ƙiba ba fa." Tun ranar ba ta kira ni da wani suna ba sai Tela.

Sau ɗaya na je Nano neman aurenta. Ubanta manomi ne, dattijon majami'a, ɗan gajeren mutum mai yawan dariya. Ya karɓe ni. Amma ƙanensa, baffan yarinyar, wanda ba ya zuwa majami'a kuma shi ke riƙe da al'adun gidan, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce da yayansa, "Mutum ba uba, ba dangi. Ranar makoki wa zai zo mana daga gidanshi?" Uban ya yi dariya ya ce, "Shi da kansa zai zo." Na riƙe maganar nan a raina, ban san a kansa za ta faɗa ba.

Sai ƙasa ta rikice. Ana ta maganar zaɓe da jam'iyyu, ni ban gane rabinta ba. Abin da na gane shi ne ma'aikata sun shiga dogon yajin aiki, gidan waya a rufe, kantuna a rufe, taya tana ci da wuta a kan babban titi, kuma in ka ji ƙarar salansar babur sai ka ga mutane sun kwanta ƙasa. Gwaggon ta kwashe kayanta ta koma arewa da yarinyar. Wata huɗu ban ji muryarta ba. Ni dai ina ɗinkin rigar a hankali, don in ina ɗinkin sai in ji kamar auren yana nan tafe.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai sauko da albasa daga Dapaong ne ya miƙo mini takardar, ranar Talata da hantsi. Fallen littafin lekol ne, an ninke shi ƙanƙane. Yarinyar ce ta rubuta cewa Baba, wato ubanta, ya rasu. Ya shiga Dapaong ranar kasuwa, aka yi harbi, mutane suka watse, ya faɗi aka bi ta kansa. Gawar tana asibiti, sai Alhamis za a ba su, za a binne shi a Nano ranar Juma'a kafin faɗuwar rana. Sannan ta ce: a wurinmu suruki ne yake kawo zanen da ake naɗe uban matarsa. Baffa ya ce zai gani. In ba ka kawo ba za a naɗe shi da zanen gida, kowa ya shaida gidan ba shi da suruki, maganarmu ta ƙare. Tela, ka zo da zane.

Na karanta sau nawa ban sani ba.

Ban tambayi kowa wane irin zane ba, domin ban san akwai abin tambaya ba. Ni da nake tambayar abin da bai kai ya kawo ba, wannan ɗayan ban tambaya ba. Duk gawar da na gani a zango da farin yadi aka naɗe ta. Da hannuna na sha yanka wa maƙwabta likkafani a shagon nan. Uwata ma cikin fararen kaya muka sa ta. Na zaga kasuwa, duk masu yadi sun kulle sun gudu da kayansu gida, wanda na samu ya ce fari ya ƙare tun makon da aka yi ta jana'iza. Na dawo shago na tsaya a kan rigar auren. Fari ce, yadi mai kyau, kamu goma sha biyu.

Na ɗauki reza na fara warware ɗinkina. Alhaji yana kan kekensa na ɗinki, ya tsayar da ƙafa.

"Kai, me kake yi wa rigar mutane?"

Na miƙa masa takardar, na tuna ba ya karanta boko, na karanta masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "To, fari dai ai shi ne. Warware a hankali, kada ka ci yadin." Shi ma abin da ya sani ke nan. Ya taso ya kama mini, muka raba gaban rigar da bayanta, muka haɗa manyan fallayen suka zama shimfiɗa ɗaya. In ka ɗaga ta a rana kana ganin layin hudar allura inda ɗinkin farko ya bi.

Direban ya ce zai koma arewa da doya washegari da sassafe, in ina da zuciya in zo. Da safen, ina ɗaure yadin cikin takardar siminti, Alhaji ya fito daga ɗakinsa riƙe da babbar rigarsa ta saƙi. Na san rigar. Baƙa ce mai ratsin fari, yayansa marigayi ne ya saƙa ta a Kparatao, ba ya sa ta sai ranar Sallah. Ya ɗora mini ita, ya kafa mini hula.

"A hanya ba a cika taɓa 'yan kasuwar zango ba," in ji shi. "An san mu ba ruwanmu da jam'iyya, ciniki muke. Ka sa wannan ka yi shiru."

"Alhaji, ai kamar na yi ƙarya ne. Za su ɗauka ni Musulmi ne."

"Riga ba ta magana. Bakinka nake tsoro. Ka dawo mini da ita ba maiƙo."

Tun daga tashar Sokodé har muka ratsa tsagaggen dutsen nan na hanyar Bafilo, abin yana cina. Ƙaramin gicciyen katako da uwata ta bar mini yana wuyana, a ƙarƙashin rigar, ina jin sa yana manne da zufa. Na yi ta tuna almajirin nan da ake karanta mana labarinsa a majami'a, wanda ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta don tsoron mutane. Na ce a raina, shi da baki ya yi, ni da riga nake yi, ina bambancin? Ina addu'a a tsare ni, ina kuma jin kunyar addu'ar, don ban tabbata mai ɓoye gicciyensa yana da bakin roƙo ba.

Mu tara ne a bayan kamiyon, a kan doya. Kusa da ni wani mutum ne mai takalmin ofis da ƙaramar jaka baƙa. Ba ya magana da yawa. Ya gutsura mini burodi, ya ce zai je ya ga 'ya'yansa ne. Shingen sojoji mun wuce uku ko huɗu, a duba katin shaida, a buga wa direba tsawa, a ɗaga sanda.

Bayan azahar, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar an gicciya itace a hanya. Waɗannan ba sojoji ba ne. Samari ne, sun fi ashirin, da kulake da adduna, wasu da kwalabe cike da fetur an toshe bakinsu da tsumma. Direba ya leƙo ya ce mana da ƙaramar murya, "Kowa ya kama bakinsa."

Suka sauke mu, suka jera mu a rana. Babbansu yana da jan ƙyalle a ka, yana bi yana duba fuska da hannu da ƙafa. Ya zo kan mai takalmin ofis ya tsaya. Ya tambaye shi da Faransanci ina yake aiki. Mutumin ya amsa, ban ji me ya ce ba. Suka karɓe jakar, biyu suka kama shi suka yi bayan wani ɗaki da shi. Bai yi ihu ba. Ya waiwayo sau ɗaya, kuma ni ya duba, ko don ni kaɗai ya ba burodi.

Mai jan ƙyallen ya iso kaina. Ya dubi rigar, ya dubi hular, ya ce, "Malam, wuce." Har ya ɗaga ƙafa, sai wani ya caki ƙunshina da bakin adda, takardar ta yage, fari ya bayyana.

"Likkafani ne. Malam, wa ya mutu?"

Da na ce surukina, da shi ke nan. Amma kalmar malam ɗin nan sau biyu ta tsaya mini a wuya. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce ni ba malam ba ne, tela ne, kuma Kirista ne, rigar ma ba tawa ba ce, ta maigidana ce, hular ma tasa ce, yadin kuma rigar aure ce na warware, wanda ya rasu bai gama zama surukina ba tukuna, baffan yarinyar ya ce zai gani. Na zaro gicciyen na nuna musu. Na hango direba ya ɗora hannu biyu a ka.

Na rufe ido ina jiran addar.

Sai mai jan ƙyallen ya ce, "Wa ya tambaye ka duk wannan?" Wani ya fashe da dariya, sauran suka kama. "Ango ne! Ango mai likkafani! Kai tela, in ka dawo ka ɗinka mini wando." Mai jan ƙyallen ya tura ƙeyata ya ce in hau mota kafin ya canja ra'ayi.

Muka hau mu takwas. Direba ya tsaya jim kaɗan injin yana aiki, yana duban bayan ɗakin nan, sai aka daki ƙofarsa da kulki, ya ja. Gutsuren burodin yana aljihuna, na kasa ci na kasa yarwa. Ban taɓa sanin abin da ya sami mutumin ba. Na sha tambayar kaina, tun da sun yi dariya a lokacin, da na roƙa masa, ko da sun sake shi? Na yi surutu a kan riga da hula, a kansa ban ce uffan ba. Shekaru sun wuce, har yanzu yana cikin addu'ata ta safe, mai takalmin ofis, don ban san sunan da zan kira ba.

Dokar hana fita ta kwanar da mu a Mango, neman mai ya cinye mana yinin Alhamis, sai da yamma muka shiga Dapaong. Garin kamar an share shi. A bakin kasuwa na ga takalma warwatse, wari-wari, ba wanda ya kwashe. Na kwana a barandar wata majami'a, da gari ya waye na sami mai babur ya kai ni Nano. Rana ta kusa tsaka muka isa.

Gidan cike yake. Maza suna zaune a gindin wata babbar ɗorawa, mata suna ciki, ana jin kukansu yana tashi yana sauka. An riga an haƙa kabarin a bayan gida. Na cire takalmi na durƙusa gaban baffan, na yi gaisuwar da na iya da yarensu, sauran na ƙarasa da Hausa. Ya ce, "Ka zo." Na ce na zo, Baffa. Na kwance ƙunshin, na shimfiɗa farin yadin a kan tabarma da hannu biyu.

Wani tsoho ya kau da kai.

Baffan ya ɗaga gefen yadin da yatsa biyu ya sake shi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ba abin da ban ji ba.

"Wannan mene ne?"

"Zanen Baba ne."

"Yadin kanti? Fari? Wannan na mutanen zango. Mu dattijo ba ya tafi da yadin kanti. Saƙi na hannu, mai baƙi, shi ne zanen dattijo. Yaro ƙarami a gidan nan ya sani." Ya juya ga mazan. "Na faɗa wa yayana. Mutum da ba shi da gida, ina zai san abin gida?"

Kwana biyu a hanya, da addar, da komai, ashe abin da na rungumo ba shi ba ne. Ina durƙushe ina kallon layin hudar allurar, na kasa ɗaga kai.

Sai na ga ƙafafun yarinyar a gefen tabarmar. Wani ya shiga ya faɗa mata. Ta rame, idanunta sun kumbura. Ta tsuguna ta taɓa yadin, yatsanta ya bi layin hudar har inda ya lanƙwasa, wurin da wuyan rigar yake a da.

"Tela," ta ce, "rigata ce?"

Na gyaɗa kai.

"Wayyo. Ban rubuta maka saƙi ba. Na ɗauka kowa ya sani."

"Ni ma na ɗauka kowa ya sani."

Ta rufe baki da gefen zanenta, ban gane ba ko kuka ne ko wata irin dariya ce. Na tambaye ta ko akwai inda zan sami saƙi a garin. Ta ce ba ranar kasuwa ba ce, masaƙin da suke da shi kuma ya gudu ƙetaren iyaka tun farkon rikicin. Baffan ya ɗaga murya ya ce a fito da zanen gida, rana ba ta jiran kowa.

Uwarta ce ta fito maimakon zanen. Doguwar mace ce, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta tsaya a kaina, ba ta dubi farin yadin ba. Ta sunkuya ta kama hannun rigar da ke jikina, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta juya cikinsa ta duba. Ta yi magana gajeriya.

Yarinyar ta ce, "Inna ta ce wannan saƙin hannu ne, mai kyau. Ta ce kai ba tela ba ne?"

Na gane abin da take nufi, kuma tsoron da ya kama ni a lokacin ya fi na shingen. Rigar amana ce. Aikin hannun mamaci ce, babu irinta ta biyu, kuma an ce in dawo da ita ko maiƙo babu. Ni da ban taɓa ɗaukar ko guntun zare daga shago ban faɗa ba.

Na ce, "Ba tawa ba ce."

Baffan ya tafa hannu. "Kun ji? Har riga da ke wuyanshi ba nashi ba."

Na yi addu'a a nan durƙushe, ba mai tsawo ba. Ban ji wata murya ba, ban ga wata alama ba. Na dai ga cewa ko ta ina na bi sai na ɗauki laifi, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan ina iya komawa in durƙusa in faɗe shi da bakina, ɗayan kuwa za a rufe shi da ƙasa kafin magariba.

Na ce, "Baffa, rigar ta mutumin da ya riƙe ni ce tun da uwata ta rasu. A gidansa nake kwana, shi ya koya mini sana'a, shi ya sa mini ita da hannunsa don in iso nan da rai. Zan warware ta. In na koma zan faɗa masa, abin da ya yanke mini na ɗauka."

Baffan ya dube ni. Ya ce, "To ashe kana da uba." Bai faɗe ta da daɗi ba, amma ya faɗa, kuma mazan sun ji. Ya nuna inuwar ɗorawar da sandarsa, ya ja layi a ƙasa can gaba. "In inuwa ya kai nan, za mu ɗauki yayana, da zanenka ko ba da shi ba."

Ban taɓa fita ba allura ba. Ranar akwai uku a cikin hular, da zare baƙi da reza a aljihu, saboda tsoron kada wani abu ya yage a hanya. Na tuɓe rigar na zauna daga ni sai singileti, gicciyena a fili. Saƙin hannu sirara ne, faɗin kowane bai fi tafin hannu ba, jera su ake yi a haɗa. Sai na cire aikin wuya da aljihu, na buɗe gefunan, na warware hannuwan, na jera komai ya miƙe. Reza ta farko da na sa a rigar Alhaji, na ji kamar a jikina.

Na ɗauki allura zan zura zare. Sau biyar ina kuskure kafar allurar. Ta zo ta zauna a gabana, duk da matan suna kiranta, ta karɓa ta zura, ta zura sauran biyun ma ta soke su a bakin zanenta, in na gama da ɗaya ta miƙo ɗaya. Ta riƙe mini ƙarshen saƙin ta ja shi ya miƙe.

"Kada ka auna," ta ce.

"In bai kai ba fa?"

"Tela, in ka fara awo a nan sai an binne mu duka. Ɗinka."

Na ɗinka. Zufa tana shiga idona, ina ɗaga kai ina duban inuwar tana rarrafe zuwa layin, ita kuma tana cewa in bar kallon ƙasa. Can ta fara rera waƙar majami'a a hankali, wadda ubanta yake so, ta kai tsakiya muryar ta karye, ta sake kamawa daga farko. Na soke yatsana har sau uku, ina tsotse jinin da sauri kada ya taɓa zanen.

Saura kamar taki ɗaya inuwar ta kai na ƙulle zaren ƙarshe. Na ninke na kai wa baffan. Ya warware, ya auna da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yana ƙirgawa a ransa. Ya kai ƙarshe ya tsaya. Ni ma ina ƙirgawa, na san ya gaza da kusan taƙi guda. Ya koma ya sake aunawa.

Ya ninke zanen ya ce, "Ya isa. Yayana gajere ne." Sai ya goge fuska da tafin hannu. Ya dube ni ya ce, "Suruki, tashi ka kama ta wajen ƙafa."

Haka muka naɗe shi, baƙi mai ratsin fari, muka ɗauke shi mu huɗu. Faston ƙauyen ya yi addu'a da yarensu, ya karanta maganar tashin matattu, baffan yana tsaye gefe yana jira ya yi nasa. Ba wanda ya hana wani. Ƙafafun dattijon sun rufu sarai, na duba, na sake dubawa.

Washegari zan tafi, uwar ta fito da farin yadin a ninke ta ɗora mini a hannu. Yarinyar ta ce, "Inna ta ce ka mayar da shi abin da yake. Bayan kaka, in an fita makoki."

Hanyar komawa ba ta fi ta zuwa sauƙi ba, amma ba shingayen nake tunani ba. Na iso shago da rigar aro ta wani ɗan majami'a, na durƙusa gaban keken Alhaji, na ajiye hular da aikin wuyan da aljihun, abin da ya rage ke nan. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya ɗauki aikin wuyan ya riƙe a cinyarsa. Ni kuwa na fara tunanin inda zan kai kayana.

Can ya ce, "Da zare ɗaya ka ɗinka ko biyu?"

"Biyu, Alhaji."

"To." Ya shafa aikin da babban yatsa. "Yayana ya yi wata uku a kanta. Allah ya jiƙan na ƙasa. Tashi, akwai wanduna huɗu suna jiranka."

Bai sake ta da maganar ba, amma ta yi masa ciwo, na sani. Sallar da ta biyo baya ya fita idi da wata tsohuwar shadda, ni kuwa na shige ɗaki don kada mu haɗa ido. Na taɓa zuwa Kparatao na sa aka saƙa masa wata, ya karɓa ya yi godiya, ban taɓa ganin ta a jikinsa ba.

An ɗaura auren a Dapaong bayan an kai gero rumbu. Alhaji ya hau kamiyo ya zo, duk da hanyar ba ta gama lafawa ba. Bai shiga majami'a ba, ya zauna a waje gindin mangwaro, baffan ma bai shiga ba, aka ba su benci ɗaya suna raba goro. Da aka tambayi wa ke tsaya wa ango, sai da aka fita waje aka tambayo Alhaji.

Rigar ta ɗan matse ta a kafaɗa, don yadin ya ragu wurin ɗinki na uku, kuma tabon addar nan bai fita duka ba, na ɓoye shi a cikin naɗin ƙugu. Layin hudar allura kuwa yana nan daga wuya har ƙasa, duk wanda ya matso zai gani. Na so in bi shi da leshi in rufe, ta hana. A ƙofar majami'a na miƙa hannu zan gyara mata kafaɗar, ta buge hannun ta ce, "Tela, bari. Ta kai."